Baibai na Majigi Ya Ajiye Hula

Kafin rana ta haye duwatsun Kwoi, Baba Yafet Kumai ya riga ya zagaya gonar cittarsa. Yana tafe yana duba bayan ganye, ya tsuguna ya damƙi ƙasa da hannun nan nasa na hagu mai tabon wuƙa a babban yatsa, ya ji ko ruwa ya kwanta. In ya fito bakin hanya, masu babur da suka nufi Kafanchan sukan danna masa hon su ce, "Baibai, an tashi lafiya?" Sai ya juya hularsa gaba ya koma baya, su wuce suna dariya. Shekararsa saba'in da huɗu, kuma arba'in da biyar daga ciki da wannan suna ake kiransa.

Wanda bai riski zamanin majigi ba sai an yi masa bayani. A da ofishin gona yana da mota mai zagaya ƙauyuka, a kafa farin ƙyalle a filin makaranta a nuna fim na koyar da noma. Manoma biyu ne kullum a ciki: Mai Lura, wanda ke yin komai daidai, da Baibai, wanda ke yin komai a juye. Yafet ne Baibai a fim goma sha ɗaya. Shi ne ya shuka citta a kwari ruwa ya cinye, shi ne ya shanya ta a turba awaki suka tattake. Tsofaffin 'yan kallo har yau suna musu kan faɗuwarsa a rami a fim na uku, ko wasa ne ko gaske. Gaske ne, santsi ya ɗebe shi, darakta ya ga abin ya yi kyau ya ƙi cirewa. Mai Lura kuwa wani magatakardan reluwe ne a Kafanchan mai suna Dickson, an ɗauko shi saboda tsayi da murya.

Aka yi ta kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Dickson ake gayyata ya miƙa kyauta a bikin manoma. Yafet kuwa sau biyu ana kawo sunansa a zaɓen dattawan ikilisiya, sau biyu ana cewa in ya tashi yin karatu jama'a za su fashe da dariya. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, bai ɓoye wa iyalinsa ba. Amma duk ranar da motar ofis ta zo, sai ya ɗauki hula ya bi ta.

Baba Yafet, kai ne wanda ya yarda a yi masa dariya don kada wani ya yi kuka a gonarsa. Ka gane tun da wuri cewa gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, sai ka ce bari kai ka zama wanen da za a gani.

Wadda abin ya fi ci wa rai ita ce 'yarsa Milka, mai sayar da irin citta a kasuwar Kafanchan. Irin gonar uban nata ne, kuma babu mai kyansa a layin, amma sai mai saye ya ɗaga ya ce, "Na Baibai ne? To Allah ya sa ya tsiro ta sama." Takan yi yaƙe ta auna masa.

Da wani ciwo ya faɗa wa citta, ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa, wata malamar gona mai suna Roseline ta zo da shawarar a yi sabon fim wanda zai shiga wayoyin mutane kafin shuka. Milka ta riga ta isa gidan uban nata.

"Baba, sau ɗaya kawai ka yi mai hankali," in ji ta. "Ka tsufa. In ka mutu yau, me mutane za su rubuta a kan kabari? Baibai?"

Maganar ta taɓa inda yake masa ƙaiƙayi. Ya yarda. Aka ɗauke shi da farar riga yana bayanin yadda ake zaɓen iri da wanke wuƙa kafin a yanka. Roseline ta nuna wa zumuntar matan coci bayan sujada, suka kalla da ladabi, suka tafa. Bayan mako guda ta koma ta tambaye su abin da suka riƙe. Babu wadda ta kawo abu biyu a jere, sai wata tsohuwa da ta ce rigar ta yi masa kyau.

Da Roseline ta kawo wa Baba Yafet labari, Milka na wurin, sai ya shiga ɗaki ya fito da tsohuwar hula.

"Malama, kunna kyamarar taki," ya ce. "Mutanenmu ba su riƙe wa'azi. Faɗuwa suke riƙewa."

"Baba, sunanka fa?" in ji Milka.

"Suna ba ya tsiro a gona, 'yata. Shuka saura sati biyar."

Ya yanka ruɓaɓɓen iri da wuƙa, ya yanka mai kyau da ita ba wanki, ya shuka a gonar da ciwo ya cinye bara, sannan ya zauna a kunya yana kuka da hula a juye. Fim ɗin ya shiga wayoyin mutane, Milka kuwa ta yi mako uku ba ta taka gidan ba. A cikin makonnin nan, a layinta na kasuwa, ta riƙa jin mata suna ware iri suna jefar da mai laushi suna cewa, "Wannan rabon Baibai ne." Ta ji, amma zuciyarta ba ta sauka ba.

A watan jiya aka yi masa taron ajiye hula a zauren coci da rana. Roseline ta samo tsofaffin finafinan ta zuba a kwamfuta, ta haska a bango. Dickson ma ya zo da sandarsa. Milka ta zauna can baya don kada a ce ba ta zo ba. Ana cikin fim na biyar, Mai Lura ya gama jawabi, sai hoto ya matso kan hannuwansa suna yanka iri, kowane yanki da idonsa. Milka ta miƙe.

"Malama, tsayar da shi nan."

Hannun ya cika bango, ga tabon wuƙa a babban yatsan hagu. Hannun da ya koya mata riƙe fartanya ne.

Dickson ya dogara sanda ya tashi. "Ni ban taɓa yanka citta ba a rayuwana," ya ce. "Duk inda kuka ga hannun Mai Lura na aiki, a fim goma sha ɗaya ɗin nan, Yafet ne ya sa rigana. Na ji daɗin tafi, shi ya sa ban faɗa ba. Ka yafe mini."

Milka ta isa gaba ta durƙusa ta riƙe hannun. "Baba, me ya sa ba ka taɓa faɗa ba?"

"In sun sani Baibai ya iya," ya ce, "wa zai ji tsoron zama Baibai?"

Baba Yafet, mun gode. Mun yi maka dariya shekara arba'in da biyar da cikin da ka taya mu cikawa, kuma muna jin kunyar daɗewar da muka yi ba mu duba hannun ba. Masu tasowa da kyamara a Kafanchan da Gidan Waya, kowa a cikinku so yake ya fito a gwani. A samu ko mutum ɗaya da zai karɓi aikin da babu tafi a cikinsa ya yi shi da gaske. Hular tana rumfar Milka yanzu, ta rataye ta a saman buhunan iri, kuma duk wanda ya tambaya ko na Baibai ne, takan dube shi ido cikin ido ta ce nasa ne.