Malam Laka da Zabon Fir'auna

Ku da kuka san Yaya Ummaru kun san ba ya fita gida sai da curin laka a aljihu. Shi ya sa har ya rasu Malam Laka ake ce masa. Kowace tambaya ka yi masa, amsar ɗaya ce: "Kawo hannunka." Ni ƙanensa ne, Sani. Firamare kawai na yi, shi ya samo mini aikin tsaron sito a ƙaramar sakandaren da yake koyar da tarihi, tsakanin Bodinga da Shagari. Sito babba, kwaɗo uku, littafi ko ɗaya babu! Tun yaƙin zaɓe aka yi alkawarinsu, kullum suna hanya.

To, da hannu ya koyar. Da aka zo kan mutanen Masar na dā, sai ya kwashi aji suka kafa jigo a bakin rijiyar makaranta. Wani manomin albasa daga Dandin Mahe ya tarar da ɗansa yana jan guga.

"Malam! Wanga aiki na raba shi da shi na kawo shi boko!"

Yaya ya ce, "Baba, ashe kai ma Bamasare ne, ba a gaya maka ba."

Ba a jima ba wani ɗan majalisa ya zo ya yanka ƙyalle a jikin jigon, wai aikin ruwan gwamnati ne. Har da ni a masu tafi, Allah Ya yafe mini.

Sai maganar yadda ake adana gawar Fir'auna. A lokacin nan gishiri sai an bi layi, amma Yaya ya yanka zabo, yara suka cika shi da gishiri da kanwa, suka naɗe da tsohon rawani, suka gina masa ƙaramar dala ta tubali a cikin sitona. Hankalina ya tashi. Likkafani ga zabo? Na ruga wurin liman.

"An yanka shi?"

"An yanka, Allah shi gafarta Malam."

"To ba zunubi, asarar nama ce kawai."

Wata Juma'a Firinsifal ya karɓi makullaina, wai zai duba kaya. Ban kawo komai a raina ba sai da ya dawo da su.

Shi Firinsifal ɗin ya riga ya kai ƙara cewa Yaya wasan ƙasa yake da yara, a sallame shi. Sufeto ya zo. Yaya ya ce ga shaidarsa, ya tara aji, ya buɗe dala. Tsumma kawai!

Firinsifal ya ce, "Ka gani, ranka shi daɗe? Ba wani zabo tun farko."

Sufeto ya juyo kaina. "Kai ka riƙe makulli. Mi ka sani?"

Jama'a, gumi har cikin takalmi. In faɗi gaskiya, aikina. In yi ƙarya, aikin Yaya da lahirata. Kuma ba na son in faɗi abin da idona bai gani ba. Na ce, "Ranka shi daɗe, wallahi ban ga sanda aka ci shi ba. Abin da na sani, Firinsifal ya ce mani gishiri ya yi yawa."

Kafin kowa ya yi tari, Yaya ya juya ga yara. "Ku rubuta! Darasin yau: ɓarayin kabari. Haka aka yi wa Fir'aunoni, kuma galibi na cikin gida ne."

Sufeto ya yi ta jefa wa yara tambaya suna amsawa, har da kwatance da hannu. Aka bar Yaya a aikinsa. Firinsifal ma aka bar shi. Ni aka mayar buga ƙararrawa. Har yau ina tunanin ko abin da na yi gulma ce.

Ranar da muka kai Yaya makwancinsa, aka kwaɓa lakar rufe kabari, na tsaya na kasa motsi. Sai ɗan manomin albasar nan, yanzu da furfurarsa, ya matso ya ce a hankali, "Baba Sani, kawo hannunka."

Allah Ya jiƙan Yaya Ummaru, Ya sa ƙasar nan da ya so ta yi masa sauƙi. Amin.