Daɓen da Yaya Bitrus Ya Sa Aka Fasa

Shekara shida ke nan da rasuwar Yaya Bitrus. Ba ɗakinmu ɗaya ba, gari muka haɗa, kuma shi ya kawo ni Dubai ya koya mini aikin famfo. Ban iya dogon rubutu ba, amma makon nan zama ya gagare ni.

Aikinmu na ƙarshe tare a wani ƙaramin gidan matsar inabi ne a bayan gari, na wani ɗan Labanan. Lemo suke yi, ba giya ba. Mu muka ja bututun ruwan zafi da na sanyi, muka kafa wurin wanke tankuna, muka fitar da magudana. A kan daɓe aka yi rigima. Yaya ya ce dole ƙasa ta gangara magudana daga kowane lungu, don in ruwan wanki ya kwanta da dusar inabi, kwana biyu ya yi tsami, ƙuda su cika ɗaki. Ya sheƙa bokiti guda, ɗan ruwa ya tsaya a kusurwa. Ya ce a fasa.

Mai wurin ya dafe kai. "Habibi, khalas, ya isa haka! Wa zai ga wannan?"

"Ƙuda za su gani," in ji Yaya. Ya juyo kaina. "Kai kuma Yohanna, rufe bakin nan ka ɗauko guduma."

Ranar na ji haushinsa, ba zan ɓoye ba.

Bana ɗan Labanan ɗin ya ƙara ɗaki, ya sake kiran kamfaninmu. Yanzu ni ne babba. Kwana huɗu aka ba ni. Tun siminti bai bushe ba na ga kusurwa ɗaya ba ta gangara ba, na ce a liƙa tayil haka nan. Gwiwa na ciwo, zafi ya ishe ni, na gaji. Ba wanda ya lura. Ranar Litinin za a shigo da tankuna, kuma in suka zauna, shi ke nan, ba mai fasa komai.

In na faɗa, manaja na iya sallama ta, biza kuwa ta kamfani ce. Mai shekaruna ba ya samun wani aikin da sauƙi a garin nan. Shi ya sa in na tashi aiki nake ta yawo daga unguwar Muraqqabat zuwa ta Rigga in dawo, ba abin da nake saya. Me Yaya zai ce? Ba ya wa'azi. Kallo ɗaya zai yi mini, ya ci gaba da shan shayinsa.

Kayan aikinsa an rabar. Kabarinsa yana gida, ban taɓa zuwa ba. Abin da ya bar mini shi ne ido, kuma idon nan ba ya barin mutum ya huta.

Ɗazu na kira manaja, na ce daɓen bai yi ba, kuma ni na yi shi. Ya ce in same shi ofis gobe ƙarfe takwas. Ban san ko da aiki zan fito ba.

Yaya, ka ja mini. Allah ya ba ka hutu.