Duna, karen garkenmu

Da safen nan Kawu Sani ya kira Baba daga ƙauye ya ce Duna ya mutu.

Na shiga banɗaki na yi kuka don kar a tambaye ni. Wa zan gaya wa cewa kare nake yi wa kuka? Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, shi zan rubuta nan.

Duna karen garkenmu ne a Mabera. Baba yana sayar da raguna, shi kuma yana gadinsu tun ina rarrafe. Ban taɓa shafa shi ba, a gidanmu ba a taɓa kare. Amma idan aka aike ni niƙa, sai ya bi ni daga nesa har bakin inji, ya zauna ya jira. Akwai wani rago mai tunkuyi da nake tsoro, kullum Duna yake shiga tsakaninmu.

Bara na lura ya daina ji. Kwano ya faɗi kusa da kansa bai motsa ba. Amma da Inna ta fara daka, sai ya ɗaga kai. Ashe motsin ƙasa yake ji a jikinsa.

Daga nan na fara buga taɓarya a ƙasa idan ina so ya dube ni. In na ɗaga hannu, ya taso. In na kifa tafin hannu, ya kwanta. Na daina zuwa masa ta baya saboda yana firgita. Ƙanzon tuwo kuma sai na jiƙa masa da romo, haƙoransa sun ƙare.

Ban gaya wa Baba ba. Na sha jin yana cewa karen da bai jin motsin ɓarawo ba shi da aiki a garke. Saboda haka duk yamma idan zai yi masa fito, sai in tsaya bayan Baba kamar ina shara, in ɗaga hannu. Duna ya taso yana kaɗa wutsiya, Baba ya ce, "Kun gani ko? Tsoho ne, amma kunnenai garau."

Ran nan ƙawayena na Islamiyya, Hafsat da Zulai, suka biyo mu yi tilawa. Muna zaune kan tabarma Baba ya shigo ya yi fito. Duna bai ji ba, amma ya ga Baba, sai ya juyo yana kallon hannuna.

Zulai ta yi dariya ta ce, "Ke, mi ah haɗinki da karen ga? Ji yadda ya kahe ki da ido, ko saurayinki na?"

Na ce, "Allah ya kiyaye." Na cusa hannuwana cikin hijabi.

Baba ya sake fito. Ya zagaya bayan Duna ya tafa da ƙarfi. Shiru. Duna yana nan yana kallona.

A satin aka saka shi a bayan motar da ke kai dusa ƙauye. Ina tsaye a zaure. Kawu Sani, da ya zo ɗaukarsa, ya ce, "Ɗiyata, akwai abin da ya saba da shi?" Baba yana wurin, direba yana wurin. Na sunkuyar da kai na ce babu.

Babu na ce.

Bayan haka Kawu ya riƙa cewa a waya karen nan taurin kai gare shi, ana kira bai zuwa, an zuba masa ƙashi bai ci, wani yaro ya zo ta bayansa, karen ya yi masa gurnani har suka ɗaure shi. Duk ina ji daga ɗaki. Magana ɗaya ce da ba ta fi minti biyu ba, in karɓi wayar in ce a buga ƙasa, a ɗaga hannu, a jiƙa masa abinci. Kullum sai in ce gobe.

Hafsat, Zulai, na san za ku ga wannan post ɗin. Ba laifinku ba ne. Eh, ni nake ba shi abinci, kuma ina son shi.

Ɗazu na ji Baba yana ce wa Inna shi ya yi kuskure da ya kai shi, bai ko karya ba ya fita. Idan ya dawo daga kara, kasuwar dabbobi, zan kai masa ruwa da kaina, in zauna in gaya masa komai, ko zai yi faɗa.

Ban sani ba ko ana yi wa kare addu'a. Ya Allah, Kai ka halicce shi, Ka ga yadda ya yi mana. Ka yafe mini shirun da na yi. Wanda ya karanta, don Allah ya sa ni a addu'a, kar bakina ya mutu a gaban Baba yau.