Baƙar Rigar Gwaggo Donka

Gwaggo Donka ba malama ba ce, amma ta fi kowace malama daɗewa a makarantar ƙauyen. Ita ke shara, ita ke kaɗa ƙararrawa, ita ke hura murhu idan sanyi ya fara leƙowa, shekara talatin da ɗaya ke nan. Sa'ad da ta kama aiki, ƙusoshin rataye riguna da ke baranda ba sa isa, sai ka ga riga uku a ƙusa ɗaya. Bana kuwa rigunan sanyi goma sha tara ne a makarantar kaf, sauran ƙusoshin suna nan tsirara.

Idan kaka ta shigo, makarantar takan ɗan farfaɗo. Yara su tsinto jajayen ganye su manna a takarda, su ƙwaƙule kabewa, iyaye mata su aiko da gasasshen tattasai a kwalba. Sai kuma ranar da Sajan Kirchev na 'yan sanda yake zuwa daga birni ya koya musu tafiya a gefen titi, don rana ta fara faɗuwa da wuri, kafin 'yan darasin yamma su kai gida duhu ya rufa.

A ranar ne ita ma take nata aikin. Yara na aji, ita tana baranda da allura da zare da naɗin wani ƙyalle mai ruwan azurfa, irin wanda ke walƙiya idan fitilar mota ta haske shi. Ta bi rigunan ɗaya bayan ɗaya, ta ɗinka a hannun riga, ta ɗinka a baya. Ba wanda ya sa ta. Ta fara ne shekara tara da suka wuce, kakar da mota ta buge mijinta Zahari a kwanar gada, yana dawowa daga gonar inabi da almuru. Direban ya yi ta kuka yana cewa bai gan shi ba. Ta kuma yarda da shi.

Tun daga ranar take sanye da baƙin kayan makoki, daga ɗankwali har safa. Wasu matan shekara guda suke yi su cire. Ita uwarta ba ta cire ba, kakarta ma haka. Kuma ta wannan kwanar gadar take bi kullum, kilomita biyu a ƙafa, bayan ta kulle makaranta. Ɗanta da ke Sifaniya yakan bugo waya ranar Lahadi ya tambayi gwiwarta, bai taɓa tambayar hanya ba.

To bana an bar ƙofar aji a buɗe saboda hayaƙin murhu, tana ɗinki tana jin komai.

"Wa zai gaya mini," in ji Sajan, "wane ne direba ba ya gani da yamma?"

"Baƙar mage," in ji wani.

"Kakana, in ya sha ya kwanta a kwalbati," in ji wata. Aji ya kwashe da dariya, har malamarsu, Malama Ginka.

Sai Nedka, 'yar aji biyu mai giɓi, ta ɗaga hannu. "Gwaggo Donka. Babana ya ce shekaranjiya saura ƙiris ya take ta a gada. Wai ya zaci inuwa ce."

Dariya ta ɗauke. Sajan ya leƙo baranda, hularsa a hammata.

"Gwaggo, ashe kina nan. Kin dai ji shaidar da aka bayar a kanki?"

"Na ji. Kai ma a ajin nan na sha share maka majina, Kirchev, kada ka yi mini barazana da kaki."

"Ai shi ya sa nake so ki daɗe. Ki ɗinka wa kanki mana, ko tsawon yatsa ne."

"A kan baƙi? In fito ina ƙyalli kamar amarya, Zahari na kwance? Me mutanen layinmu za su ce?"

"Su wa, Gwaggo?" in ji Malama Ginka a hankali. Tana faɗa ta sunkuyar da kai, don ta san ba ta kyauta ba.

Gwaggo Donka ta ci gaba da ɗinki. Gida bakwai ne a layinsu, shida da kwaɗo a ƙofa.

Da aka tashi, ta share ganye da 'ya'yan kabewa, ta kashe murhu, ta je ɗaukar rigarta a ƙusar ƙarshe. Sai ta tarar an manna mata guntun ƙyallen a baya da gam ɗin aikin hannu. A karkace yake, gefe guda ya riga ya ɗago, ga shatin ƙananan yatsu, ga wani jan ganye an liƙa a kai wai ado.

Ta ɓamɓare shi, ta tsaya riƙe da shi a hannu. Makaranta shiru, sai agogon baranda. Ta nufi kwandon shara, ta tsaya. "Wannan wane irin aiki ne," ta ce, "kamar kaza ce ta yi." Ta zauna a ɗan bencin yara, ta ciro allura, ta miƙar da shi tsaf ta ɗinke da baƙin zare. Ganyen ta sa a aljihu.

A kwanar gada mota ɗaya ce tak ta biyo ta. Tun daga nesa ta ji an rage gudu, hasken ya kauce ya ba ta fili, motar ta wuce. Ba ta san ko wane ne ba.

A layinsu ba taga ko ɗaya mai haske. Takardar sanarwar rasuwar Zahari mai hotonsa na nan manne a ƙofar gidanta, kamar yadda ake yi a ƙauyen, ruwa ya koɗar da hoton, gashin baki kawai ya rage sosai. Ta tsaya tana laluben makulli, ta ɗan juya wa hoton baya don ya ga ƙyallen.

"Kada ka ce komai," ta ce. "Yaran ne."

Ta shiga, ta rataye rigar a bayan ƙofa, ta ɗora ruwan shayi na mutum ɗaya.