Sunan da Za a Kira Ranar Auren Murja

Shekara tara ke nan da Allah Ya karɓi ran babban ɗana. Duk shekara idan watan ya zagayo, waina nake toyawa a raba wa maƙwabta, in yi mashi addu'a, in ja bakina. Bana na ɗauki biro, da ɗan rubutun da na samo a ajin yaƙi da jahilci, saboda an zo har ɗakina an roƙe ni in yarda a ɓoye sunansa ranar ɗaurin auren ɗiyarsa Murja.

Manyan Katsina za su tuna shi da sunan da yake fitowa da shi a wasan kwaikwayo, Alhaji Tsatso. Malamin firamare ne a Ƙofar Guga. Ran Asabar da la'asar shi da abokansa sukan jera bencina a filin makaranta, ya naɗa rawanin da ke neman rinjayarsa, ya cusa matashi cikin riga ya yi tumbi. Ni na ɗinka mashi matashin.

Alhaji Tsatso ba ya ba mutum hannu sai ya ji wane ne kakan kakansa. Akwai wasan da ya zauna gaban mai balangu yana ci yana lasar yatsu, yana rantsuwa ɗiyarsa ba za ta shiga gidan mahauta ba, sannan ya dakata ya nemi a faɗa mashi asalin ragon. Amma wanda gari ya fi riƙewa shi ne na aski. Wanzami na yi mashi gyaran fuska, shi kuwa yana ta zuba, wai wanzamai ba mutanen da ake haɗa zuri'a da su ba ne. Daidai nan aska ta iso maƙogwaro. Wanzamin ya tsaya cak ya ce, "Alhaji, ƙara faɗi, ban ji ba." Alhaji ya haɗiye yawu ya ce, "Cewa na yi, cikin ɗiyan nawa wacce kake so?"

Fili ya kece da dariya. Ni daga ɓangaren mata nakan hango dattawan da dariyar ke tsaya masu a rabi. Wasunsu sun daina amsa sallamarsa a masallaci. Na taɓa tambayarsa ko abin bai isa haka ba. Ya ce, "Inna, in na yi masu wa'azi, su ce yaro ne. In kuwa suka yi dariya, sun riga sun amsa laifin kafin su farga."

Zamanin soja ne, kowa na auna maganarsa. Yakan ce ranar da suka koma bariki zai yi wasan da bai taɓa yi ba. Ciwo ya riga shi. Yau ga ranar ta zo, mulki ya dawo hannun farar hula. An zagaya gari da lasifika ana cewa ƙuri'ar mahauci daidai take da ta attajiri. Nakan yi tunanin abin da zai ce. Ina jin zai fito da ɗan takara ne yana rungumar wanzami a bainar jama'a, ya koma gida ya sa a wanke mashi riga.

Watan jiya gwaggon yaron da ke neman Murja ta zo daga Ƙofar Durbi. Muka gaisa, muka sake gaisawa, ta sha ruwa. Sannan ta ce, "Hajiya, mun yi bincike, yarinya ba ta da aibu. Abu guda ne. In sanƙira ya tashi sanarwa, a ce ɗiyar baffanta ce, ƙanen mahaifinta, tunda shi ya riƙe ta. Kin san gidanmu. Kada a ce mun ɗauko ɗiyar ɗan wasa."

A wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Tun ranar da aka raɗa mashi ban taɓa furta shi ba, ko a asibiti sai da ƙanwata ta faɗa a madadina. Ran nan na furta. Na ce, "Hajiya, uban yarinyar nan sunansa Sada. Sada ɗan wasa. Haka za a kira, ko a gidanku ko a wani gidan."

Ta yafa gyale ta yi sallama. Murja duk ta ji daga tsakar gida, kuma tana son yaron. Ta shigo ido jawur ta ce, "Kaka, in suka fasa fa?" Na ce ban sani ba, kuma aurenta ne, in ta ce in janye zan janye. Ta daɗe tana murza bakin zanenta kafin ta ce, "A kira sunan Baba."

Har yau ba su aiko ba.

Ɗana bai bar mana gida ba, bai bar gona ba, ko kaset ɗin wasansa ba mu da shi. Amma har gobe a unguwarmu, in mutum ya fara ƙirga kakannin wani, sai ka ji an ce, "To, Alhaji Tsatso," a yi dariya, ya yi shiru. Abin da ya rage ke nan, sai ɗiyar da ta zaɓi sunansa tana kuka. Duk ranar da Allah Ya kawo auren nan, da wannan yaro ko da wani, zan tsaya bayan ƙyauren zaure sai na ji sanƙira ya ce Murjanatu ɗiyar Sada. In ya yi ƙasa da murya, zan aika a ce ya ƙara faɗi.