Fatalwar Sauro a Akushin Inna

Mun tashi da asuba daga Dutse, ni da 'yata ta fari mai karatun ilimin halittu a jami'a. Aikinta na kammalawa a kan wani ƙwaro ne mai kama da sauro amma ba ya cizo. Tsutsarsa garau take kamar gilashi, shi ya sa na raɗa masa fatalwar sauro. Malamarta ta ce sai ta ga hoto mai kyau kafin ta amince da irin ƙwaron da yarinyar ta rubuta. Ga shi kududdufin ƙauyenmu, inda ta taɓa ganin tsutsar, ya kusa ƙafewa. In ya ƙafe, sai wata daminar.

Hanyar Kiyawa lafiya lau, an gama yankan gero, dawa na jiran nata. A tasha muka sayi ƙosai. Ya rame har ya ba ni tausayi, kuɗinsa ne kawai ya yi ƙiba. Daga nan ɗan sahu ya yi ta jijjiga mu cikin yashi, ina salati, ita tana rungume da kwalabenta kamar jarirai.

Dama mun yi waya a ɗebo mana ruwan da duku-duku, kafin tsutsar ta nutse ƙasa. Muka tarar da bokiti a inuwa, rufe da faifai, ruwa tas. Ashe Inna, mahaifiyata, ta tace shi da mayafi.

"Inna, ina abin da ke ciki?" in ji yarinyar.

"Na watsa wa kaji. Ke 'yar boko, ruwa mai datti zan ba baƙuwa, a ce ban iya karɓar mutane ba?"

Idon yarinyar ya ciko. Ni kuwa dariya ta taso min, na haɗiye abata.

Haka muka tattare zannuwa muka shiga taɓo, Inna na bakin ruwa da sandarta tana ba da umarni. Mun samo tsutsotsin da ƙwarya, amma a farin kwano hoton bai nuna komai ba sai kwanon.

Da azahar Inna ta kawo tuwo a tsohon baƙin akushinta. Yarinyar ta ƙura masa ido, ta juye tuwon, ta wanke, ta zuba ruwan. Subhanallahi! Sai ga su sun fito a kan baƙin itacen: idanu biyu kamar ɗigon tawada, da 'yan jakunkunan iska gaba da baya. Ta ɗauki hoto ta tura wa malamar. Kafin la'asar malamar ta amsa cewa shi ne, yarinyar ta ci gaba da rubutu.

Inna ta leƙa wayar ta daɗe. "Ikon Allah. Ashe manyan baƙi na ba kaji."

Mun iso gida da magariba, akushin na cikin jakar yarinyar, Inna ce ta cusa shi da hannunta. Abin da na koyo kuwa, in za ki aika tsohuwa mai ƙaunarki ɗebo ruwan kududdufi, ki gaya mata dattin kike so.