Rigar Da Ta Yi Wa Baba Tsawo

Shekaranjiya ina wucewa ta wani lungu a Birnin Kebbi, zan kai wa tela ɗinkin bikin ɗan yayana, sai na ji ƙarar bugu. Mutum biyu ne a kan gungume, wannan ya sauke wancan ya ɗaga, dum-dum, dum-dum. Wallahi tsayawa na yi da ƙunshin atamfa a hannu, har wani mai babur ya daka mini tsawa. Na ɗauka an daina bugun riga, kowa ya koma dutsen guga. Ƙarar nan ce ta mayar da ni ƙofar gidanmu a Gwandu, shekarar da Yaya ya yi aure.

Bari in fara gaya maka yadda gidanmu yake, don in ban yi haka ba za ka ce mahaifinmu mugu ne, ni kuwa ba zan lamunta ba. Yaya shi ne ɗan fari, kuma a wurin mutanenmu ɗan fari abin kunya ne ga iyayensa. Ba su kiran sunansa, ba su ɗaukarsa a gaban mutane, ba su nuna sun damu da shi. Ana yaye shi aka kai shi Dodoru wurin Kaka, wadda ta haifi Innarmu, can ya tashi. In ya zo gaisuwa ya durƙusa a zaure, Baba sai ya kalli awaki ya amsa a taƙaice. In akwai saƙo, ni ake kira. "Ke, ce ma wancan shi ci abinci." Alhali wancan ɗin yana nan zaune, yana ji da kunnensa. Inna kuwa ta fi Baba, da ta ji sallamarsa sai ta sami abin yi a bayan ɗaki.

Ni ce auta, ni kuma ba irin shagwaɓar da ban yi ba. A cinyar Baba nake zama, a akushinsa nake ci, har gemunsa nake ja. Ban taɓa tsayawa na ga yadda Yaya yake kallonmu ba sai da ya tafi makaranta Sakkwato, ya zauna cikin yaran birni waɗanda iyayensu ke zuwa dubiya suna dafa musu kai. Ya dawo hutu wata rana ya ce da ni, "Ke ce ɗiyarsu. Ni baƙo ne nan gidan." Dariya ya yi da ya faɗa, amma dariyar ba ta yi mini daɗi ba.

Da aka sa ranar aurensa da wata yarinya 'yar Kalgo, sai aka ce sai bazara, bayan an cire albasa. Tun kaka na ga Inna ta ware auduga mafi fari daga cikin ta gonarmu, ta gurje, ta shiɓe, ta zauna kaɗi. Ina tuna farin alli a yatsunta da kukan mazari a cikin tasa, tun hantsi har rana ta karkata. Ba ta taɓa yin zare siriri irin wannan ba. Maƙwabta in sun tambaya na mene ne, sai ta ce, "Zaman banza ne ban so." Aka kai zaren marina aka rino rabinsa, Baba ya ɗaura a bayan keke ya kai wa wani tsohon masaƙi a Masama, ya dawo da saƙi mai ɗigo-ɗigo irin na jikin zabo.

Akwai abin da na gani da babbar Sallah, ban gane shi ba a lokacin. Yaya ya zo barka da Sallah, ya jingina da bangon zaure yana jiran a ce ya shiga. Da ya shige ciki, Baba ya duba hagu da dama, ya tashi ya zaro 'yar wuƙarsa, ya ja layi a bango daidai inda kafaɗar Yaya ta tsaya. Sannan ya durƙusa yana aunawa da taƙin hannunsa har ƙasa. Da ya ga ina kallo sai ya ce gara ce ke cin bangon.

Duk ranin nan haka ya ƙare. Da safe Baba yana fadama yana ban ruwan albasa, da ya dawo ya yi azahar sai ya shimfiɗa tabarma a zaure ya ɗauki allura. Shi ya harhaɗa rigar da hannunsa, shi ya yi mata aikin wuya da zaren tsamiya, zanen aska biyu a ƙirji da na tambari a baya. Idonsa ya riga ya fara rauni, sai ya kawo ɗinkin dab da hancinsa, hawaye na zuba yana sharewa da gefen hula. Yatsunsa suka yi baƙi da shuni, ko alwala ba ta fitar da shi. Masu wucewa suna cewa, "Malam, wagga riga ai ta sarauta ce." Shi kuwa ya ce, "Tawa ce ta tsufa, nika son canji." To, Baba gajere ne, kowa ya sani. Yaya kuwa dogo ne, tsawon dangin Inna ya ɗauko. Duk unguwa an gane, ba wanda ya ce uffan. Da aka gama aka kai ta wurin mabuga, ta dawo a ninke tana ƙyalli tana ƙanshin shuni.

Ana saura kwana biyu ɗaurin aure Yaya ya iso daga Sakkwato da abokansa, suka sauka a shagon samari da ke ƙofar gida. A lokacin an fara yayin ango ya halarci ɗaurin aurensa, ba kamar da ba da yake ɓuya. Ya buɗe akwati ya fito da baƙar kwat da wando da jan laktaye, ya rataya a ƙusa. Mu yara muka yi ta leƙe ta taga. Ni dai a idona ta yi kyau, ban taɓa ganin irinta ba sai a hoton kalanda. Abokan suna ta gardama, wasu na cewa ango ɗan boko sai kwat, wasu na cewa mutanen Kalgo za su yi mana dariya. Yaya ya ce, "To mi zan sa? Akwai wanda ya ɗinka mini wani abu ne?" Ya faɗa da ƙarfi, kuma zaure ba nisa.

Da la'asar Baba ya kira ni, ya ɗora mini rigar a hannu biyu. Bai kalle ni ba. Ya ce, "Kai ma mutanen shagon can. Ki ce ta yi min tsawo. Wanda duk ta yi ma daidai shi ɗauka."

Na je na faɗa kamar yadda aka faɗa mini, ban ƙara ban rage ba. Kowane ɗan ƙauye da ya ji wannan magana ya san abin da take nufi. Amma Yaya ya daɗe a birni, kuma zuciyarsa ta riga ta cika. Na ga fuskarsa ta canza. Ya ce, "Wato abin da ya yi mishi yawa shi ne rabona." Ko warware ta bai yi ba. Ya miƙa wa babban abokinsa, wani dogon Basakkwace mai yawan dariya, ya ce, "Ka ji dai, wanda ta yi wa daidai. Ga ta nan." Shi kuwa bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba, ya karɓa yana godiya. Na koma gida Baba ya ce, "An karɓa?" Na ce an karɓa. Na ga ya sunkuyar da kai yana ɓoye murmushi, sai na fita ban gaya masa wanda aka ba rigar ba.

Ranar ɗaurin aure gari ya waye da zafi irin na bazara, tun hantsi ƙasa ke ƙona ƙafa. Motar da za ta kai maza Kalgo tana ƙofar gida, dattawa sun taru a zaure da goro a gabansu. Sai ga samari sun fito. Yaya a gaba, ya shaƙe wuya da laktaye, gumi na bin kunnensa. Abokin a bayansa cikin rigar saƙi, yana saɓa hannunta a kafaɗa yana taƙama. Baba ya kalli rigar, ya kalli wanda ke cikinta, sannan ya kalli yatsunsa. Ya tashi a hankali ya ce zai sake alwala. Har yau in na tuna bayansa yana shiga gida, zuciyata sai ta yi zafi. Inna tana leƙe ta jikin zana, ta koma madafa ta zauna ta ba ƙofa baya.

Allah ya sa a daidai nan Kaka ta sauka daga Dodoru, da sandarta da ƙullin daddawa. Ita kaɗai ce ba ta da kunyar kowa, don tsakaninta da Yaya sai wasan jika, mijinta take ce masa. Kallo ɗaya ta yi ta gane komai. Ta sa ƙugiyar sandarta ta kamo laktayen nan ta jawo shi cikin zaure a gaban dattawa.

"Mijina, da akuya za a ɗaura ma aure ko da mutum, da za ka zo da igiya a wuya?"

Aka yi dariya kaɗan, amma ita ba ta yi ba. Ta nuna abokin da sanda. "Wagga riga, wa ya ba shi?"

Yaya ya ce, "Ai cewa aka yi ta yi tsawo, wanda ta yi wa daidai ya ɗauka."

Kaka ta ce, "Kai wawan ina ne? Mutumin da ya yi rani guda yana ɗinki bai san tsawon kansa ba? Uwarka ta kaɗa zaren nan har yatsunta suka fashe. Ubanka ya ƙarar da idonsa a kanta. So kake shi zo shi durƙusa shi ce ɗana ga riga? Ni da na haifi uwarka, ita ce ɗiyar farina, ka taɓa jin na kira sunanta? To ƙinta nika yi?"

Yaya ya sunkuyar da kai. Ni kuwa bakina da ba ya riƙe magana, sai na ce, "Har bango ya auna." Na nuna layin wuƙar. Kaka ta tura shi da sanda ya jingina, layin ya zauna cif a kan kafaɗarsa. Ya juya ya daɗe yana kallon tsagar nan. Direba yana ta danna oda a waje, ba wanda ya kula shi.

Abokin shi ya fara tuɓewa yana cewa, "Wallahi ban sani ba, ku yafe ni." Suka koma shago suka yi musaya. Haka bawan Allah nan ya tafi Kalgo cikin baƙar kwat a tsakiyar bazara, matan da suka je ɗauko amarya suka ce ya dawo kamar an tsamo shi daga gulbi.

Da Yaya ya fito cikin saƙin, rigar ta sauka daidai idon sawunsa, ko yatsa ɗaya ba ta wuce ba. Bai saba da babbar riga ba, ya sa ta a gaggauce, wuyan ya zame gefe ɗaya. Ya zo ya durƙusa a bakin zaure daidai lokacin da Baba ya fito. Na ɗauka zai ba da haƙuri, amma sai ya kafa ido a ƙasa. Baba ya tsaya a kansa yana kallon motar. Na matso ina jiran a ce, "Ke, ce ma wancan." Ba a ce ba. Baba ya ce, kamar da iska yake magana, "Wuyan ya karkace." Sai ya sunkuya ya sa baƙaƙen yatsun nan nasa ya kama wuyan rigar ya daidaita, ya shafe aikin ƙirjin da tafin hannu, ya sake shafewa, alhali ba abin da ya rage na gyara. Dattawa duk suka kawar da kai, kowa ya shiga neman takalminsa. Yaya kuwa hawaye ke ɗiga a kan zaren tsamiya. Baba ya miƙe ya ce, "Rana na yi," ya shige gaban mota.

Yanzu duk wannan ya wuce. Ni kaina sunan ɗan farina nake kira tun daga ƙofar gida, in ya yi tafiya in rungume shi a tasha, kuma ban ce da can ya fi ba, don na ga abin da shirun nan ya ci wa Yaya. Ɗansa da za a yi wa aure a waya ya zaɓi kayansa, kala uku, har da kwat ta liyafar yamma, shi da ubansa suna zaune kafaɗa da kafaɗa suna gardamar launi. Sai dai ba wanda zai zauna rani guda a kan rigar wani, masaƙan Masama ma ban san ko akwai saura ba.

Baba ya rasu bai taɓa kiran sunan Yaya ba, ko sau ɗaya. Yaya yanzu ya yi furfura, ya yi jikoki, babbar riga ce suturarsa kullum. Amma ka lura da shi a kowane taro, wuyan rigarsa a karkace yake. Matarsa ta yi mita har ta gaji. In za a ɗauki hoto 'ya'yansa sukan kawo hannu za su gyara, sai ya kauce ya ce, "Ku bar shi, ba aikinku ba ne."